Cakulan a Turmin Inna

Wata ranar Alhamis a watan Nuwamba, shekara huɗu bayan samun 'yancin kai, duk 'yan matan aji uku muka iso makaranta kowacce da ƙoƙonta da ludayinta. Ana tashi ranar Laraba Malama Rifkatu ta ce mana washegari za ta koya mana yin wani abu da koko, mu kuwa koko ɗaya muka sani a duniya, wanda ake damawa da safe a sha da ƙosai. Wata ma har ƙosan ta taho da shi ƙulle a gefen zane. Da aka buga guntun ƙarfen dogon da ke rataye a jikin ceɗiya, muka jeru a inuwa muka miƙa ƙoƙuna muna jiran a zuba. Malama ta fito daga aji da wani jan gwangwani a hannu, ta dube mu, ta dubi ƙoƙunan, sai dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan benci tana share hawaye da bakin ɗankwali. Da ta nutsu ta bayyana mana cewa wannan wani koko ne daban, 'ya'yan wata bishiya ne da ake nomawa can ƙasar Yarbawa, a shanya su a niƙe, kuma da garin ake yin alewar da ake kira cakulan. Yayanta da ke aikin jirgin ƙasa a Funtua ne ya kawo mata tsaraba.

Ta ɓalle murfin da bakin cokali. Ƙamshin da ya fito ban taɓa jin irinsa ba. Ya so ya yi kama da na gyaɗar da ta kusa ƙonewa, ya so ya yi kama da na ƙasa idan an yi ruwan farko, amma bai zama ko ɗaya a cikinsu ba. Garin kansa launin suri gare shi. Malama ta ce kowacce ta dangwala da yatsa ta ɗanɗana, muka yi rububi, can sai fuskoki suka yamutse, don ɗacinsa bai da maraba da na sassaƙen maɗacin da ake jiƙa mana idan zazzaɓi ya kama mu. Ƙawata Hajara, wadda muke zama benci ɗaya, ta raɗa mini a kunne, "Ashe Yarbawa ma suna da maganin shawara." Malama ba ta kula mu ba. Ta marmashe biskit a cikin kwano, ta huda gwangwanin madara mai kauri da ƙusa ta tsiyaya, ta barbaɗa garin, ta cuɗa da hannu har ya haɗe, sannan ta riƙa gutsura tana mulmulawa. Ba wuta, ba tukunya, ba hayaƙi. Kowacce ta sami ƙwaya ɗaya da ba ta fi girman ɗan kanya ba. Na sa tawa a baki na ƙi taunawa, na bar ta tana narkewa a hankali, ɗacin nan ya koma can baya yana leƙowa ta ƙarƙashin zaƙi. Har aka tashi ban yarda na sha ruwa ba.

Gari ya rage a gindin gwangwanin, kamar ludayi uku. Malama ta ce ranar Litinin duk wadda ta kawo lissafin sau bakwai daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, gwangwani da abin da ke ciki nata ne. Ni da lissafi ba ma ga maciji, amma kwana ukun nan na zama wata yarinya daban. Ina jan guga a rijiya ina bakwai sau uku, ina kai wa awaki harawa ina bakwai sau shida, ranar Asabar muna tsinkar auduga a gonar Baba kowane ƙulli na tsinka sai na ba shi lamba. Ko a wasan carafke, maimakon in ƙirga duwatsu yadda aka saba, da bakwai-bakwai nake tafiya, har 'yan wasan suka ce in dai ba zan yi shiru ba in tashi. Bakwai sau takwas ne ya fi ba ni wahala, sai da na rubuta shi da gawayi a jikin rumbu. Ranar Litinin na kai ƙarshe, sauran duk suka faɗi a hanya, Hajara ma da ta fi ni kai ta yi tuntuɓe a sau tara. Na dawo gida da jan gwangwani a ka, na ɗora shi a kan gammo kamar tulu, don kowa a unguwa ya gani.

Gidanmu yana gefen Malumfashi, inda gari ya ƙare gonaki suka fara. Dangar kara ce ta kewaye shi, da ɗakuna uku na jinka, da rumbu biyu, da turken awaki, da madafar Inna a kusurwar gabas. A tsakar gida akwai wani babban turmi na kirya wanda gindinsa ya nutse a ƙasa saboda daɗewa, ba ya ɗaukuwa sai maza biyu sun taru. Mu huɗu ne a gidan: Baba, da Inna, da ni Laraba, da ƙanena Ɗanladi mai shekara biyar, wanda duk abin da idonsa ya gani sai bakinsa ya faɗa. A ƙofar gida kuma akwai durumi mai faɗin inuwa.

Sai da na iso gida na tuna ba mu da biskit, ba mu da madarar gwangwani. Waɗannan kayan kanti ne, a gidanmu sai dai labari. Ban karaya ba. Na ɗebi kashi ɗaya na garin na kwaɓa da garin dawa da ruwa, na mulmula na jera a faifai. A ido ba su da laifi. Ɗanladi ya ɗauki ɗaya ya jefa a baki, ya tofar, ya ruga wajen randa. Na watsa wa kaji sauran, zakara ya zo ya tsattsaga sau ɗaya ya goge baki a ƙasa ya yi gaba. Washegari na sake gwadawa da dakakken ƙuli-ƙuli da ƙwayar sukari biyu da Inna ta ba ni daga wanda take ɓoyo saboda baƙi. Wannan karon abin ya ƙi haɗuwa sam, ina dunƙulawa yana wargajewa kamar yashi, ga kuma yajin ƙuli yana faɗa da ɗacin koko. Inna ta ɗanɗana don ta faranta mini, ta ce ba laifi, amma na ga yadda ta juya baya ta nufi bayan rumbu. Saura kashi ɗaya a gwangwani, ni kuwa na riga na cika baki a makaranta cewa zan kawo wa kowa nawa. Ana nan ranar kasuwa ta zo, ranar da Kaka take zuwa.

Kaka ita ce mahaifiyar Baba. Tana zaune a wani ƙauye a kan hanyar Tsiga, cikin danginmu da ake kira Maguzawa, masu riƙe da addinin kakanni. Gajeruwa ce siririya, mai saurin tafiya da saurin magana, lofenta kullum a soke a ɗankwali. Duk ƙauyensu ba wadda ta kai ta iya dakuwa, har daga wasu unguwanni ake aiko mata idan za a yi biki. Baba shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunansa, sai dai ta ce "mai gidan nan". Shi ya kamata ya gaji yankan da gidansu ke yi a gindin tsamiya kowace shekara kafin shuka. Ina da shekara biyu ya karɓi addinin Kirista, da damina ta gabato aka miƙa masa wuƙa ya ce ba zai iya ba. A gaban dangi duka Kaka ta ce masa, "Muddin ina numfashi, abin da aka ɗora a murhun gidanka ba zai wuce maƙogwarona ba." Bayan haka ne ya kwashe mu muka dawo Malumfashi.

Shekara bakwai ke nan tana riƙe da maganarta, amma ba ta iya riƙe ƙafarta ba. Duk ranar kasuwa sai ta yi sammako ta taho da daddawa da kuka ta sayar, da azahar ta biyo ta gidanmu ta zauna a gindin durumi. Ba ta taɓa shiga daga ciki ba. Mu fito mu haye jikinta, ta duba kunnuwanmu ta ce Inna ba ta wanke mu da kyau, ta ba mu tsarabar soyayyar gyaɗa da aya. Inna ta fito ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye mata kwanon abinci a rufe, bayan ta tafi ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Ko sau ɗaya Inna ba ta fasa ajiyewa ba. Guzurin Kaka ɗan garin soyayyen gero ne a ƙulle a tsumma, ta dama da ruwan gorarta ta sha, sau da yawa ma mu muke shanye rabi. A bazarar shekarar nan jiri ya kwashe ta a hanyar komawa, wasu masu jakuna suka tsince ta zaune a bakin hanya suka kai ta gida. Tun daga ranar Baba ya rasa sukuni. Ya roƙe ta ta riƙa kwana idan ta zo, ta ce wanda ba ya cin abincin gida ba ya kwana a cikinsa. Mu yara ba mu san zurfin abin ba, amma mun san duk ranar kasuwa Baba ba ya cin tuwon kirki.

A wannan ranar na fito na gaishe ta ba walwala, gwangwani a hammata. Ta kalle ni ta gefen ido ta ce, "Ƙawata, wa ya mutu?" Haka take kirana. Na kwashe labari duka na gaya mata, har da na zakara. Ta karɓi gwangwanin ta shinshina, ta dangwala ta sa a harshe, ta daɗe tana juya shi a baki ba ta ko yamutsa fuska ba.

"Da me kika haɗa shi?"

"Da garin dawa da ruwa."

"Ruwa," ta ce, ta girgiza kai. "Abu mai ɗaci ba ya son ruwa, mai yake so. Buɗe kayan nan."

A cikin ƙwaryarta akwai tsarabarmu ta gyaɗa da aya, da 'yar kwalbar zuma daga amyar ƙanen Baba wadda ta kawo kasuwa ba ta samu mai saye ba. Ta sa ni na murje gyaɗar na bakace a faifai, ta ce in je in daka ta tare da ayar har sai ta ga mai yana ƙyalli, in kawo mata ta duba. Na shiga na hau daka. Daga gindin durumi ana hango turmin ta ƙofar danga, ita kuwa Kaka ba ta iya ganin ana aiki ba daidai ba ta yi shiru. Ta fara daga zaune: in riƙe taɓarya da kyau, in daina bugun gefe, in juya da hannu. Can ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa. Gyaɗa na tsalle tana fita daga turmi, kaji na tsincewa. Ban ankara ba sai na ji an fizge taɓaryar daga hannuna, Kaka ce tsaye a tsakar gidanmu tana cewa wannan ba daka ba ne, wasa da abinci ne.

Inna tana bakin madafa tana tsince wake. Na ga hannunta ya tsaya cak a cikin faifai. Ba ta ce sannu da shigowa ba, ba ta shimfiɗa tabarma ba, ba ta yi ko ɗaya daga abin da ake yi wa baƙo ba, kuma sai da na girma na gane hikimar hakan. Ta tashi kawai ta ɗauko ɗaya taɓaryar ta tsaya a ɗaya gefen turmin. Suka fara, wannan ta ɗaga wannan ta sauke. Da dakan ya yi daɗi sai Kaka ta soma lugude, ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, Inna ta amsa mata da nata salon, ni da Ɗanladi muna tsalle muna zagaya su. Ban taɓa sanin Inna ta iya lugude haka ba. Gyaɗa ta yi laushi ta fara naso, Kaka ta ce in juye garin kokon duka. Na yi jim, don shi ke nan abin da ya rage mini, ta ce, "Zuba, ba a dakuwa da tsoro." Na zuba. Ta tsiyaya zuma, ta nemi citta da ɗan gishiri Inna ta miƙo. Da ta ga haɗin ya yi ruwa, sai ta kwance tsumman guzurinta ta juye garin geron nan kaf a ciki. Suka ci gaba da daka har abin ya koma baƙi-baƙi yana sheƙi, yana bin taɓarya, ƙamshinsa ya cika gidan har awaki suka miƙe a turke.

Mai dakuwa ba ta sauke taɓarya sai ta ji abin da ta daka, hannunta ya saba tun kafin a haifi Baba. Kaka ta gutsura ta jefa a baki tana kallon cikin turmi. Sai Ɗanladi ya nuna ta da yatsa ya ce, "Inna, Kaka ta ci abincin gidanmu."

Bakin Kaka ya tsaya da tauna. Na ga idonta ya tafi ƙofa, ya tafi kan ƙwaryarta da ke gindin durumi, na tabbata yanzu za ta tofar ta ɗauki kayanta, kuma wataƙila ko durumin ba za mu sake ganinta a ciki ba. Ga shi kuma ni na jawo. Inna ba ta ɗago kai ba, tana kankare jikin taɓarya da yatsa, ta yi magana kamar da Ɗanladi take.

"Kai dai ba ka san komai ba. Gyaɗar Kaka ce, zumarta ce, geronta ne. Garin kuma na makaranta ne. Ka ga an ɗora wani abu a murhu?"

Ɗanladi ya leƙa madafa ya ce bai gani ba. Kaka ta dubi Inna, kallo mai tsawo, irin wanda ban taɓa ganin ta yi mata ba. Sannan bakinta ya ci gaba da motsi. Ta haɗiye.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Miƙo."

A lokacin ne Inna ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu. Muka zauna mu huɗu muka kewaye akushi muna mulmulawa. Kaka ta koya mini in shafa ɗan mai a tafin hannu, in juya da sauƙi kada in matse. Nata suna fitowa sumul kamar ƙwan tantabara, nawa wasu dogaye wasu masu ƙusumbi, na Ɗanladi kuwa ba sa kaiwa faifai. Na sa ɗaya a baki. Ya fi na Malama nauyi da gamsarwa, ga ƙamshin aya, ga citta tana ɗan cizo a ƙarshe, ɗacin kokon kuma ya zauna daram a tsakiya. Kaka ta ci uku, ta ce ai dole ta ci tunda mun cinye mata guzuri. Ta tambayi sunan abin, na ce cakulan. Ta gwada faɗa sau biyu harshenta ya ƙi, ta ce ita dai dakuwar Yarbawa ta sani.

Da la'asar Baba ya dawo daga gona da buhun auduga a ka. Ya ga ƙwarya a gindin durumi ba mai ita, ya jefar da buhun ya shigo da sauri yana tambaya ko jirin ne ya sake kama ta. Sai ya gan ta zaune a tabarma, ƙafafu a miƙe, tana faɗa da Ɗanladi a kan ya je ya wanke hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar wanda ya shigo gidan da ba nasa ba. Daga baya ya ƙaraso ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya saba, ta amsa tana kallon wani wuri yadda ta saba. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta ba ni ta ce, "Ba mai gidan nan, ya ji abin da 'yarsa ta iya." Baba ya karɓa da hannu biyu. Bai ci a gabanmu ba, ya ce bari ya duba awaki, ya daɗe a wajen turke fiye da yadda duba awaki ke ɗauka. Ranar shi ya raka ta har ƙauye, yana ɗauke da ƙwaryarta, abin da ba ta taɓa yarda ya yi ba.

Washegari na kai sauran makaranta a naɗe cikin ganyen kalgo. Ba su isa kowa ba, sai da aka rarraba kowace ƙwaya biyu da reza. Malama Rifkatu ta ci, ta sake neman ɓari, ta sa ni na tsaya a gaban aji na faɗi yadda aka yi tana rubutawa a littafinta. Hajara ta ce in dai haka maganin shawara yake, ita kullum ba ta da lafiya. Mako guda ina sarauta a filin wasa, ko a gaɗa ni ake sa wa a tsakiya, har aka yi jarrabawar lissafi na koma matsayina na da.

Koko ya ƙare, amma dakan bai ƙare ba. Kowace ranar kasuwa Kaka ta riƙa wuce durumi kai tsaye, ta ce ta zo ta ga ko hannuna ya faɗa. Mu daka dakuwa zalla, ta ci, ta sha ruwan randarmu, kwanon Inna dai yana nan a rufe. Da Baba ya bi motar auduga zuwa Funtua ya dawo da sabon gwangwani, ya ajiye a kan rumbu. Ana saura mako biyu Kirsimeti, Kaka tana ɗaura ɗankwali za ta tafi, ta ce wa Inna, "Ki gaya wa mai gidan nan ya zo da jaki jibi." Ya je, ya dawo da duwatsu uku baƙaƙe ƙirin a cikin mangala, duwatsun murhunta ne da ta yi shekara da shekaru tana girki a kansu. Inna ta kwashe nata ta jera na Kaka a madafa. Ranar kasuwar da ta biyo, Kaka ta leƙa ta ga tukunya a kan duwatsunta, ta zauna ta buɗe kwano ta ci tuwon dawa da miyar kuka, ta ce daddawa ta yi yawa. A gidanmu ta kwana.

Ba ta taɓa taka ƙofar coci ba, Baba ma bai koma gindin tsamiya ba, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya sake tayar da zancen ba. Bayan damina biyu ta tattaro awakinta ta dawo wurinmu gaba ɗaya. Ranar Lahadi mu tafi sujada ta tsare gida, mu dawo mu tarar ta gyara duk abin da a ganinta Inna ta yi ba daidai ba. Ta rayu har ta ga na tafi kwalejin horon malamai, kuma a akwatina na tafiya akwai ƙullin dakuwar Yarbawa da ta daka da hannunta, ko da yake a lokacin sai ta huta sau uku kafin ta gama.

Yanzu a Funtua nake zaune, na daɗe da ajiye alli. Wurin da gidanmu yake a Malumfashi ya zama tsakiyar gari, shaguna ne a jere da masu keke mai ƙafa uku suna jiran fasinja, na je bara na kasa nuna wa jikokina ko inda rijiya take. Cakulan kuwa ya cika kowane kanti, a takarda mai walƙiya, iri-iri, yaro ya saya ya shige ɗaki ya cinye shi kaɗai yana kallon waya. Nakan haɗa musu irin namu idan sun zo hutu. Inji ke niƙa gyaɗar cikin minti kaɗan, ba mai gumi, ba mai tafi. Suna ci su ce da daɗi, kuma na san ba ƙarya suke yi ba. Ni dai idan na zauna ina mulmulawa, kunnena yakan nemo ƙarar taɓarya biyu a turmi ɗaya, in ɗago in ga ba kowa a tsakar gidan sai ni. Abin da muke da shi a lokacin kaɗan ne, amma a tabarma ɗaya muke cinsa.